Fiton Kunnen Gambi

Seyni, mai gyaran takalma a bakin kasuwar Tera, akwai cika baki: wai ba abin roba da ya taɓa gagarar sa. Shekara talatin yana liƙe silifas ɗin jama'a, sai ga ɗan abin kunnen 'yarsa ya ƙure shi.

Gambi, 'yar tasa, ba ta ji sai an yi ihu. Tana aji ɗaya wasu baƙi suka zo makarantarsu, suka auna kunnenta, suka maƙala mata na'urar ji mai ɗan toshi na roba. Ranar ta dawo tana tambaya, mene ne ke surutu a bayan ɗaki? Zabi ne. Seyni ya yi kuka, bai ɓoye ba.

To, yarinya girma take, kunne ma haka. Roba kuwa ina! A aji uku toshin ya yi mata kaɗan, na'urar ta kama fito kamar usur. Baƙin kuwa ko labarinsu.

Mushe Tinni, wato Malam Tinni, malamin ajin, ya zo rumfar Seyni da kansa.

"Baba Seyni, yara casa'in gare ni. Ina karatu, kunnen 'yarka na kiran tsuntsaye, aji na dariya. Ko a gyara, ko ta zauna gida."

"Haba Mushe! Takalminka nawa na ceto daga bola? Ba ni mako guda."

Ya yanko robar silifas, ya feƙe, ya goge; ta ƙuje kunnen har jini. Ya gwada kakin zuma, rana ta narkar. Ya gwada ƙaro, tururuwa suka bi yarinyar har tabarma. Ya aika tambaya Yamai, aka ce mai zuba sabon toshi ya daɗe da komawa ƙasarsu.

Kwatsam sai ga Mushe yana washe baki. "Tsoho, aikinka ya yi! Aji tsit, tana ta gyaɗa kai."

Seyni kuwa ya san bai gyara komai ba. Da Gambi ta dawo ya jawo ta, ya duba bayan kunnen. Na'urar a kashe take. Ya kunna, fito ya tashi.

"Wa ya kashe?"

"Ni ce, Baba. In ina ji, kora ta za a yi. In ba na ji, ana bari na in zauna."

Seyni ya kai hannu ya kashe mata da kansa, ya jawo ɗankwalinta ya rufe kunnen, kada Mushe ya gane.