Hannun da Sanata Ya Miƙo Min

Shekara goma sha ɗaya ina kwasar kashin doki a wata gona a Summerfield, a Amurka. Can na ga wani sanatan ƙasar. Mai gonar ya shirya masa liyafa, ni aka tsayar bakin ƙofa ina nuna wa motoci inda za su tsaya. Da ya sauko sai ya miƙo min hannu, ya tambayi ƙasarmu, ya tambayi iyali. Har sunana ya maimaita, daidai. A garinmu, babban mutum ba ya yi maka haka sai ya ɗauke ka nasa.

Ƙanena ne mai boko a gidanmu. Injiniya ne, shi ma a Amurka, yana aiki da bizar ƙwararru, irin wadda kamfani ke nema wa mutum. Ana cikin maganar za a tsaurara dokar bizar, sai wani kamfani a Kanada ya kira shi. Ya zo ɗakina a Gate City Boulevard neman shawara, don ni ne babba.

Na ce, "Zauna abinka. Sanatan nan namu ne, na san shi."

Ya ce, "Yaya, ka san shi, ko dai kun gaisa?"

"Kai, boko ya cinye maka ladabi ne?"

Ya sunkuyar da kai. Washegari ya rubuta musu ba ya zuwa.

Da aka zo ƙuri'a a majalisa, sanata ya bi masu tsaurarawa.

Ranar Asabar, a shagon da muke sayen manja, wani Dokta na jami'a ya ɗaga waya yana yi mana fashin baƙi. Wai dabara ce. Wai sanatan ya shiga cikinsu ne don su saurare shi in an zo gyara.

Na ce, "Dokta, ni a aji shida na tsaya. E ya ce, ko a'a?"

"Alhaji, ai abin ba haka yake ba..."

"E ko a'a?"

"E ya ce."

"To mayar da wayar aljihu."

Dokar ma ba ta kai ko'ina ba tukuna kamfanin ƙanena ya tsorata, ya ce ba zai sabunta masa bizar ba. Na Kanada sun riga sun ɗauki wani.

Ni na kai shi filin jirgi ranar da zai koma gida. Bai tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Har rusunawa ya yi, ya ce, "Yaya, a sa mu a addu'a." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Litinin na koma gona, na ɗauki shebur da hannun nan da sanata ya riƙe.