Kalmar Amosani a Dosiyen Rakiya

Har gobe ban manta da ranar da waya ta same ni daga Lyon ba. Lokacin ina shekara ta bakwai ina tafinta a wani asibitin yara kusa da Sevran, kuma ina ji da kaina sosai, don ko likitoci suna yaba faransancina.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ku san cewa a Faransa ba a rubuta ƙabila ko launin fata a dosiyen majinyaci, wato fayil ɗinsa na asibiti. Ana rubuta ƙasar haihuwa da cututtukan dangi, sauran kuwa abin da ya fito daga bakin tafinta ne. Wadda ta kira ni likita ce, Madam Perrin, tana bin tsofaffin dosiye don ta ga wace cuta ta fi kama mutanen wace ƙasa. Ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai: 'ya'yan mutanen Nijar da suka bi ta asibitinmu, sanyin ƙashi irin na tsofaffi ya yi yawa a danginsu, sikila kuwa kamar babu, alhali mutanen ƙasashe maƙwabta ba haka ba ne. Kuma duk dosiyen da sunana a ƙasa.

"Wace kalma suke faɗa miki?" in ji ta.

Na ce amosani. Ina faɗa na gane inda kuskuren yake.

Mu a Maradi, tsohuwa mai ciwon gwiwa amosani gare ta. Yaron da ke kwanciya yana kukan ƙashi lokacin sanyi, idonsa ya yi rawaya, shi ma amosani ne, na jini, wato sikila. Na san haka tun ina yarinya. Amma na riƙe fassara ɗaya, rumatis, wato sanyin ƙashi na tsofaffi, ina ta zuba ta ba tare da na tambayi kowa wanne yake nufi ba.

Madam Perrin ta ce ɗaya daga cikin yaran tana kwance a wurinsu, sunanta Rakiya. Na tuna ta. An haife ta a gida Nijar, don haka ba ta samu gwajin da ake yi wa jarirai a nan ba. Uwarta, Hajiya Mariya, ta kawo ta tana shekara biyar da ciwon ƙafa. Likitan ranar sabo ne, layi ya yi tsawo. Ya tambayi cutar dangi, Hajiya ta ce ƙannenta biyu amosani ya ɗauke su. Na ce rumatis. Ya rubuta, ya ba da maganin zafi. Da suka koma Lyon, duk likitan da ya buɗe dosiyen haka yake gani, har shekara uku, sai da ƙashin ƙugunta ya lalace aka yi gwajin.

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa na tafi. Na shirya maganganu tun daga Paris, ina shiga ɗakin duk suka gudu. Rakiya na koyon tafiya da sanda. Hajiya ta tashi ta ba ni kujerarta, ta tambayi mai gida da yara ɗaya bayan ɗaya. Na kasa riƙewa, na faɗa mata laifina ne.

"Ɗiyata, ni kam na hwaɗa miki," in ji ta. "Da na ga Bahaushiya tsaye kusa da likita, sai hankalina ya kwanta."

Da zagi ta yi mini da ya fi sauƙi. Na dawo na nemi shugabar sashenmu, aka kira sauran iyalan gwaji, kuma an samu waɗanda aka yi wa magani da wuri. Wannan bai mayar wa Rakiya ƙugunta ba, kuma abin yana cina har yau.

Masu ƙidayar cututtuka abin da muka faɗa suke ƙirgawa. Don haka in kun ji ina tsare uwa da tambaya, amosanin wa, yana shekara nawa, yana raye, kada ku ce Anti Zuwaira ta cika naci. Rakiya ta shiga jami'a bana, da sandarta.