Wa Zai Tsaya Maka a Bayan Mota?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, da hantsi, Allah ya karɓi ran maigidana Malam Harisu direba a kan hanyar Daura zuwa Zango. Yau na rubuta sunanka, Malam, sunan da ban taɓa kira a gabanka ba.

Duk unguwarmu an san tsohuwar Fijo 404 ɗinka. Ta girmi 'ya'yanmu duka, har ana tsokanarka wai ita ce uwargida. Amma idan naƙuda ta tsananta wa mace, ko ciwo ya kayar da dattijo, ƙofarmu ake bugawa. Ba ka taɓa tambayar kuɗin mai ba. Ranar da Laraba maƙwabciyarmu ta haihu a kujerar baya kafin ku kai asibiti, da hannunka ka wanke motar kana dariya, kana cewa Fijo ta yi jika.

Abu ɗaya ne ba ka wasa da shi, wato danjar birki. Kakan ce, “Birki nawa ne, danja hakkin na bayana ce.” Ita kuwa mutum ɗaya ba ya gwada ta, dole wani ya taka, wani ya tsaya a baya ya duba. Shekara da shekaru ni ce ta bayan. Ka shigo da motar cikin gida, ka taka, ka ɗaga murya, “Zinariya, yaya?” In ce ta kama, ko in ce ta ƙi.

Da ta fara ƙi a watan jiya, ka canza ƙwai, ka duba fis, ka bi waya ɗaya bayan ɗaya, har ka gano suwicin da ke bayan fedar birki ne ya mutu. Da ƙyar ka samo irinsa a Kano. Safiyar Talatar nan ka ɗaura shi a ƙofar gida, don ana jiranka ka ɗauko wani mara lafiya a Zango. Maza sun cika dakali, ba halin in fito. Ina daga zaure na ji ka ce, “Don Allah wani ya duba mini baya.” Na ji wata murya ta amsa, “Ta kama, Malam, Allah ya kiyaye hanya.” Na leƙa ta jikin ƙyaure. Wallahi babu wanda ya motsa daga dakalin, mai maganar ma baya ya ba motar, yana ɓare gyaɗa. Kafin in yafa mayafi har ka sha kwana.

Shanu suka tsallaka titi, ka taka birki, motar itace da ke bin ka ba ta ga ja ba. Auta mai gyaran wutar mota, da ya duba abin da ya rage na Fijon, ya ce suwicin lafiyarsa ƙalau, an dai ɗaure shi ya shige da yawa, shi ya sa danjar ba ta kawo wuta. Da an ce maka ta ƙi, juyi biyu da sifana ya wadatar.

Na san ajali ba ya jira, kuma ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Mutumin nan, wanda ba zan ambaci sunansa ba, motarka ce ta kai mahaifiyarsa asibiti. An ce a sahun gaba ya tsaya wajen sallarka. Ranar sadakar uku ya aiko a gaya mini in yi haƙuri, haka Allah ya so. Ya iya takawa har maƙabarta, amma taku biyar zuwa bayan mota ya gagare shi.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ɗawainiyar da ka yi wa bayinsa ta zame maka haske a kabari. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanmu, Saminu da Raihana, da ƙannenka na Sandamu, Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Su kuma mutanen dakali ina yi musu tasu ta'aziyyar. Jiya an buga ƙofarmu ana neman mota, ni kuwa ina cikin takaba, ban amsa ba.