Lauyar da Ta Zo a Keke

Ƙanena bakaniken babur ne a Maje. Wani ya kawo masa gyara ya tafi, ashe babur ɗin na sata ne, 'yan sanda suka same shi a rumfarsa. Wata bakwai yana gidan yari yana jiran shari'a, mu kuma ba mu da halin ɗaukar lauya.

Sai aka haɗa mu da wata lauya mai tsaya wa talakawa kyauta. Ranar da na fara ganinta, daga keke napep ta sauko a bakin kotu, takardunta cikin leda, takalminta duk ya suɗe. Nan take na raina ta. Ni da nake shiga Abuja kullum aikin shimfiɗa tayil a gidaje, na saba ganin lauyoyi masu manyan motoci, sai nake jin na san komai.

Ta ce mini, "Malam, ka gaya wa ƙanenka, ko me aka karanta masa, ya ce bai aikata ba. Sauran aikina ne."

Kawu, wanda ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu, ya ji haka ya girgiza kai. "Ɗan mutunci ba ya musu da babba. Ya durƙusa ya amsa, ya ce a yi masa afuwa. Haka muke yi gaban mai unguwa, magana ta mutu. Ita wannan ta kyautar, ai gwamnatin da ta kama shi ce ta turo ta."

Ni na kai saƙo ranar ziyara, kuma na Kawu na kai, har da ƙarin gishiri.

Ranar zama, lauyar tana wata kotu, ta aiko a jira ta. Ba a jira ba. Aka karanta tuhuma, alƙali ya tambaya har sau biyu ko ya fahimta. Ƙanena ya durƙusa ya amsa laifin. Aka yanke masa shekara uku.

Ana fitowa da shi ta iso tana haki, biye da ita wani mai shayi da ya ga wanda ya kawo babur ɗin. Mako biyu tana bin mai shayin kafin ya yarda ya zo. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaya wa ya ce ya amsa. Na sunkuyar da kai. Har yau ina jin haushin kaina.

Za a sa shi mota ya hango ni, ya ɗaga murya: "Yaya, na yi yadda ka ce. Yaushe za su sake ni?"