Lissafin Adda da Firizata

Duk layinmu a Lamorde sun ɗauka kuɗi kwamfutar nan ta shagonmu take yi. Wasu suka ce irin kuɗin da ake haƙowa a intanet ne, wasu suka ce damfara ce. Maƙwabciyata mai ɗinki har rantsuwa ta yi cewa ana ba ni kasona, shi ya sa nake gadinta kamar kaza a kan ƙwai. Babu wanda ya canka. Kwamfutar ba ta taɓa haifar ko sisi ba. Lissafi take yi, don a gano yadda ilekturon suke zama a cikin wani sinadari na kuza da oksijin, irin wanda ake shimfiɗawa a fuskar wasu faifan sola. Mai ganin abin bai kai a yi faɗa a kansa ba, ruwansa. Ni dai na yi.

Shagon na Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, ni nake zama a ciki tun da na gama sakandare. Cajin waya muke yi da sola, faifai a kan kwano, batura a ƙarƙashin kanta. A kusurwa akwai ƙaramar firiza, ita tawa ce ni kaɗai, da zoɓo da kunun ayar da nake haɗawa. Da ita nake yin ƙananan buƙatuna ban miƙa wa kowa hannu ba.

Adda 'yar yayar mahaifiyata ce, tana digiri na biyu a fannin fiziks. Wata rana da rani ta sauko daga keke mai ƙafa uku da tsohuwar kwamfuta ta tebur a rungume, ta ce a gidansu wuta ba ta tsayawa, kuma duk lokacin da aka ɗauke lissafinta yakan rushe. Kawu ya yarda ta ajiye, tunda lokacin rana ta ishi kowa har ta yi yawa. Aka jona ta. Fankarta ta fara kuka kamar injin markaɗe, kuma ba ta sake yin shiru ba.

Ni ba na iya zama da abu ban san me yake yi ba. Allon ba hoto, ba komai, sai layukan lambobi suna hawa. Na tsare Adda na ce ko ta faɗa mini, ko in zare wayar wutar. Ta yi dariya ta zauna a kan benci.

Ta ce kowace ƙwayar zarra ta kuza, abin da muka sani da atom a makaranta, tana da ilekturon hamsin. In aka ce kwamfuta ta bi kowanne ɗaya bayan ɗaya, wannan tsohuwar sai ta mutu ba ta gama ba. Amma yawancinsu suna can ciki, manne da zuciyar atom ɗin, ba sa fita, ba sa hulɗa da maƙwabta. Na bakin waje ne suke ƙulla zumunci da oksijin. Saboda haka masana suka fito da dabara: a ɗauke zuciyar da na cikin gaba ɗaya, a sa wani abu mai sauƙin lissafi a madadinsu, wanda zai riƙa jan na wajen daidai yadda na gaskiyar suke ja. Sudofotenshal take kiransa. Ni katanga na sa masa suna.

"Tuna gidan Kaka a Sahuda," in ji ta. "Mai sayen gyaɗa ba ya shiga ya ƙirga tsofaffi. Da masu fitowa ƙofa yake ciniki, amma ya san akwai nauyin gida a bayansu."

Na ce, "Wato ha'inci ne da digiri."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce ana gwada katangar kafin a yarda da ita. Daga wani nisa zuwa waje dole ta ba da amsa iri ɗaya da atom na gaskiya, in ta kasa a watsar. Kuma ba ita take gina ta ba, akwai waɗanda aka riga aka shirya, nata zaɓi ne kawai. Na kuza iri biyu ta samu: ɗaya tana barin ilekturon huɗu a waje, ɗayar goma sha huɗu. Ta ɗauki mai huɗu saboda tausayin kwamfutar.

Haka muka ci ranin nan. Da safe in buɗe shago in share mata ƙura, in duba ko lambobin suna tafiya, in kira Adda in sun tsaya. Mai ɗinki takan leƙo ta tambaye ni ko Hajiya, wato kwamfutar, ta haihu. In ce mata ta je ta gama rigar da ta yi wa mutane alkawari tun Ista.

Lissafin ya ƙare daf da faɗuwar damina. Adda ta kwashe sakamakon ta kai wa malamin da ke duba aikinta, ta dawo fuska a murtuke. Tazarar da ta fito tsakanin atom da atom ba ta yi daidai da wadda aka riga aka auna a ɗakin gwaji ba. Malamin ya ce goma daga cikin waɗanda ta kulle a bayan katanga ba 'yan can ciki ba ne. A bakin ƙofa suke zama, kuma da oksijin ya matso sai sun sa baki. Dole ta sake da mai goma sha huɗu, ga shi wannan ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba.

Na ce ashe irin Goggo ne, yayar babana, wadda ta ce ta bar harkar duniya amma ba a sayar da akuya a gidan ba da saninta ba. Adda ta yi murmushi kaɗan. Kawu kuwa da ya ji labari cewa ya yi sauri ya haifi nawa, ya ƙara da cewa shi tun farko bai ga abin da ake dafawa a tukunyar nan ba.

Aka sake kunnawa, sai ruwa ya sauka da gaske. Hadari ya zauna a kan duwatsu, wani lokaci a wuni rana ba ta leƙo ba. Batura suka daina cika. Na fara buɗe shago in tarar komai a mace, kwamfutar ta yi tsit, aikin da ta yi ya koma baya. Abin da ya fasa ƙwan shi ne wani manomi daga Duvu, wanda yakan tattaro wayoyin 'yan ƙauyensu a jaka ya kawo caji ranar kasuwa. Ya dawo da la'asar ya tarar rabinsu ba su cika ba. Bai yi faɗa ba, ya dai ce mako mai zuwa zai gwada wani shagon. Da ya zage mu ma da ya fi wa Kawu sauƙi.

Kawu ya ce a fitar da kwamfutar. Wayoyin mutane su ne shagon, ita kuwa baƙuwa ce da ta wuce kwanakinta. Ban ce ya yi ƙarya a kan wayoyin ba. Amma ni da shi duk mun san wanda ya fi shan batir, don duk sanda firiza ta tashi sai inbata, na'urar da ke juya wutar batir, ta yi nishi. Shi dai ruwan sanyin da yake sha in ya dawo daga kasuwa ne ba ya so a taɓa.

Washegari Adda ta zo da keke. Ta ce in lissafin bai fito kafin 'yan ajinsu su miƙa aiki ba, sai wata shekarar, ita kuma ta san kanta, in ta ajiye ba za ta sake ɗauka ba. Tana faɗa tana naɗe wayar kwamfutar, kamar maganar wani take yi. Nan raina ya ɓaci. Na ce wa mai keke ya kama gabansa, babu kaya.

"Ke, ba na son ki yi faɗa da Kawu saboda ni."

"Ba saboda ke ba ne, Adda. Wata nawa ina jin kukan abin nan a kunnena, sannan a ɗauke ban ga ƙarshensa ba? Ajiye."

"Ko an gama, ba lallai amsar ta fito daidai ba. Akwai wasu abubuwan da za su iya karkatar da ita."

"To ta fito a karkace mu gani da idonmu."

Na buɗe firiza na kwashe zoɓo da kunun aya na jera a kan benci, na zare wayarta daga bango. Na raba wa masu jiran caji tun kafin sanyinsu ya tafi. Mai ɗinki ta karɓi biyu tana tambaya ko bikin suna ake yi.

Kawu ya iso ya tsaya a ƙofa yana kallon firiza a buɗe tana ɗigar ruwa. Ya tambaye ni ko na san abin da na yi, tunda ba shi zai riƙa saya mini sabulu ba. Na ce na sani.

"Kawu, shagon naka ne, wayoyi su fara cika, ban musa ba. Amma wutar da firizata take sha rabona ne, kuma na bayar."

Can ya ce in waya ɗaya ta sake kwana babu caji, da hannunsa zai fitar da kwamfutar. Na ce na yarda. Ya ɗauki sauran zoɓon da ya fara ɗumi, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya fita.

Na san damina ba ta kai rabi ba, kuma masu sayen zoɓona za su koma wajen wata, wataƙila ba za su dawo ba. Na sa Adda ta zauna ta nuna mini yadda ake tayar da lissafin daga inda ya tsaya, ta maimaita har hannuna ya iya, don kada in riƙa jiranta in abin ya sake mutuwa. Sannan na yanke shawara: da safe zan je kasuwa in sayo ɗanyar masara da gawayi in kafa gashi a ƙofar shago, firiza kuma ba za ta sake ganin wuta ba sai ranar da goma sha huɗun nan suka faɗi abin da ke bakinsu.