Neman Kabari a Uwaina

Ana idar da sallar asuba muka bar Nuzla, unguwarmu a Jidda, ni da surukata Hajiya da wani maƙwabcinmu direba mai mota. Hajiya ce ta matsa a yi tafiyar. Mahaifinta ya zo ƙasar nan a ƙafa, ya zauna yana aikin gonar dabino a wani ƙauye arewa da Madina, a can ya rasu tana ƙarama. Bana ƙafafunta suka fara gazawa, ta ce tana so ta je kusa da kabarinsa tun tana iya tsayuwa. Abin da ta riƙe kawai sunan garin, Uwaina, da wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a gefensa.

Hanya lafiya lau, sai baƙaƙen duwatsu hagu da dama. A wani gidan mai muka karya da tamis da ful, wato burodin tanda da dafaffen wake, a kuɗin da bai kai na Jidda ba. Hajiya ta ce na Nuzla ya fi daɗi, amma ita ta suɗe kwanon. Aka duba iƙamarmu, wato takardar zama, a shinge, muka kwana Madina, muka yi ziyara.

Washegari taswirar wayar direban ta kai mu Uwaina. Gidaje kaɗan, masallaci ɗaya, babu tasha. Da muka tambayi limamin, ya yi murmushi, ya ce a yankin nan duk inda aka samu ɗan idon ruwa sunan da ake sa masa ke nan. Akwai wata a gaba, ita ma da masallacinta da maƙabartarta. Sai da muka sha gahawa ya sake mu.

Ta biyun tana da tasha. Ginin dutse ne babu rufi, layin dogon ma an kwashe shi, awaki ne ke hutawa a ciki. Hajiya ta daɗe tana kallo.

"Malam, wallahi ma adri, ban sani ba. Duk duwatsun iri ɗaya ne."

Jikinta a sanyaye muka nufi masallaci don azahar. A rumfar ƙofa ta tsaya cak. An gitta ƙarfen dogo a sama a madadin azara. Ta ɗaga sandarta ta taɓa shi.

"Nan Baba yake ɗaga ni in yi lilo idan ya fito salla. Halas, shi ke nan, nan ne."

Direban ya raɗa mini cewa irin ƙarfen nan ya gan shi a masallacin Uwaina ta farko. Na yi masa ido kada ta ji.

A ƙasar nan mata ba sa shiga maƙabarta, kuma ba a rubuta suna a kabari. Ta jingina da katangar maƙabartar garin, ni na shiga. Ƙananan duwatsu ne a jere, ba wanda ya fi wani. Na yi musu sallama gaba ɗaya, na roƙa musu gafara, ina jin Hajiya tana cewa amin daga waje.

A hanyar dawowa ta ce a ratse Uwaina ta farko. A bakin maƙabartarta ta dube ni.

"Kunnena bai mutu ba, Malam. Shiga ka gaida waɗannan ma, ko ƙarfen ya ruɗe ni."

Na shiga.

Mun iso Nuzla lafiya, Hajiya na barci a bayan mota, barcin da na daɗe ban ga ta yi ba. Har yau ba mu san wace Uwaina ce ta riƙe shi ba. Abin da na dawo da shi shi ne, Wanda muke roƙo ya san inda kowa yake kwance. Allah Ya jiƙansu, na nan da na can.