Lalataccen Sensa a Kwalin Ashana

Ina aji uku na firamare na fara jin sunan. Dangi sun taru a gidanmu, Mama tana rabon abinci, sai yayarta ta ce, "Ki rufe wa Jar Fitila nasa, kin san ba zai zauna cikin mutane ba." Na tambaya wane ne haka. Mama ta dungure mini kai. "Kawunki ne, ƙanina. Kar in kuskura in ji sunan nan a bakinki."

Sai da na shiga sakandare, aka ɗora mini kai masa abinci ɗakinsa, na san asalin sunan. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layi: katifa, kujera guda, tebur cike da guntayen waya da dalma. Matarsa ta rasu tun kafin a haife ni, bai sake aure ba.

Shekara ashirin da shida ya yi a wata masana'anta da ke haɗa sensa, ɗan abu kamar kan yatsa da ake sa wa cikin sitabilaiza don ya ji ƙarfin wutar lantarki. A da da hannu ake gwada su, marasa kyau suna wucewa su je su ƙona wa mutane firji. Kawu ya shafe wata huɗu yana zane a bayan tsohuwar kalanda, yana gogewa, har ya haɗa akwatin gwaji. Akwatin kan ba sensa wuta kaɗan, sannan matsakaiciya, sannan mai ƙarfi, ya duba ko ya auna daidai. In ya yi daidai koriyar fitila ta kama, in ya kauce ja ta kama.

Ja kuwa tana nufin matan da ke liƙa sensa su warware aikinsu su sake. Daga nan sunan ya fito. In ya shigo sai shugabarsu ta ɗaga murya, "Ga angon ja nan! Malam, yau wa za ka hana tashi da wuri?" Su kwashe da dariya. Lokacin cin abinci su haɗu a benci ɗaya, shi ya ci nasa a gefen akwatinsa.

Ya taɓa ba ni labarin wasu kwana uku. Tun safe har yamma koriya kawai ke kamawa. Matan suka yi ta murna, shugabar ta matsa masa wuri a bencinsu, ta ce, "Zo zauna, ashe kai ma mutum ne." Ya ce rabon da ya ci abinci ana hira da shi har ya manta.

A rana ta uku hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya ɗauko sensa da ya tabbatar lalatacce ne ya sa. Koriya ta kama. Ya buɗe akwatin, ya tarar wasu wayoyi biyu sun manne, ja ba ta da hanyar kamawa.

"Ba wanda ya gani sai ni," in ji shi. "Da na gyara na yi shiru, da har yau ina kan bencin nan."

Da ƙafarsa ya je ya faɗa wa manaja. Aka gyara akwatin, aka farke kwalayen sensa na kwana ukun, aka sake gwada komai. Bayan nan ko tsokanar ma suka daina yi masa.

Tun daga ranar ya ɗiga wa lalataccen sensa ɗin jan fenti, ya sa shi a kwalin ashana. Kullum da safe shi yake fara sa wa akwatin. Sai ya ga ja ta kama yake bari a fara aiki.

Da idonsa ya raunana aka sallame shi. Ba a yi wani taro ba, ya ɗauki jakarsa ya fito. Kwana biyu bayan haka na kai abinci, na same shi zaune yana juya kwalin ashanar a hannu. Saboda sabo ya taho da shi a aljihu.

Washegari na kai kwalin masana'antar. Maigadi bai gane sunan Kawu na gaskiya ba, sai da na faɗi wanda Mama ta hana ni. Shugabar matan ta karɓa, ta jefa a aljihun teburinta, ta ce, "Har yanzu bai ƙyale mu ba?" Ban sani ba ko suna amfani da shi. Kawu ya rasu da damina bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa masa yadda aka karɓa ba.

Abin da ya ce da ni ranar da ya miƙo mini kwalin shi ne, "'Yar Yaya, ki kai musu wannan, ni ba na ganin hanya. Ki ce su riƙa sa shi kowace safiya kafin komai. Kuma don Allah ki jaddada musu, kar wani mai kirki ya gyara shi."